BINDIGAR FARAUTA TA FARI: ABIN DA ZA KA SANI KAFIN KA TAƁA KUNAMA

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Masu albasa sun koma fadama. A irin wannan lokaci ne saurayi yakan ce shi ma zai sayi bindigar farauta, irin mai sakata, wadda ake ɗora wa madubin hange a baya.

Ɗan'uwa, idan kai ne mai wannan niyya, zauna ka karanta wannan takarda har ƙarshe. Ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Garma in ta kuskure, kunya ɗaya ta lalace, gobe a gyara. Bindiga in ta kuskure, ba gyara.

KANA BUKATARTA KUWA?

Fara da wannan tambaya. Me yake cinye maka gona? Fara ce, da tsutsar zangarniya, da ɓera, da jan baki. Ko ɗaya cikinsu harsashi ba ya maganinsa. Jan baki dubu-dubu yake sauka. In ka kashe goma, sauran ba su ma san an yi ba. Wannan aikin malaman gona ne da masu kare tsirrai.

Dajin kuma ba kamar na kakanninmu ba ne. Tsofaffin Adar suna ba da labarin jimina da barewa a bayan gari. Yau sai zomo, da zabon daji, da fakara, da kurciya. Mariri ya ƙare ƙaf a dajin duniya, aka bayyana haka a shekarar 2000. Sai a 2016 aka kawo waɗansu daga gidajen kiwo aka sake su a ƙasar Cadi. Raƙumin dawa na Kure, kusa da Yamai, saura 49 kawai suka rage a 1996. Da aka tsare su, suka haura 600. A 2018 aka ɗauko 8 aka kai gandun dajin Gadabeji, a gundumar Barmo ta jihar Maraɗi, gabas da mu.

Ɗan naman da kake gani yanzu a ƙasarmu, gumin mutane ne ya maido shi. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aikin raya karkara na Keita ya tashi da taimakon Italiya. Mata da maza suka ɗauki duwatsu a kai, suka yi gandari, suka dasa itatuwa miliyoyi. Inda itace ya dawo, zomo da zabo suka biyo shi. Wanda ya shafe su cikin rani biyu ya ci amanar waɗannan mata.

In ka auna duk wannan, ka ga har yanzu farauta kake so, to bismilla. Amma a bi ta ƙofa.

TAKARDU KAFIN ƘARFE

Takarda biyu ce. Kada ka haɗa su.

Ta fari ita ce iznin riƙe bindiga. Daga ma'aikatar cikin gida take fitowa. Ka fara zuwa ofishin shugaban gundumarku, a Madawa, ko Buza, ko Keita, su gaya maka abin da za ka kawo. Za a bincika halinka. Za a rubuta lambar bindigar da sunanka. Wannan izni naka ne kai kaɗai. Ba a aronsa, ba a gadonsa kamar gona.

Ta biyu ita ce iznin farauta. Wannan na ma'aikatan gandun daji ne. Tun shekarun babban fari na 1970 gwamnati ta rufe farauta a Nijar, ta daɗe a rufe fiye da shekara 20. Dokar da ta tsara ta bayan an buɗe ita ce mai lamba 98-07, ta ran 29 ga Afrilu 1998. Ga kaɗan daga abin da ta hana:

1. Farauta a lokacin da hukuma ba ta buɗe ba.
2. Farauta da dare, da fitila ko ba fitila.
3. Bin nama da mota ko babur.
4. Sa wa daji wuta don a koro nama.
5. Guba da nakiya.
6. Bindigar yaƙi da harsashinta.

Akwai kuma dabbobin da ba a taɓa su ko da izni, kamar raƙumin dawa da jimina. Ka tambayi ma'aikacin gandun daji ranar buɗewa da ranar rufewa ta bana, da dabbar da takardarka ta halatta, da girman harsashin da aka yarda. Ka tambaya kafin ka biya kuɗin bindiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada ka sayi bindigar bayan fage, komai arharta. Ka san halin da ake ciki a kan iyaka, wajen Bangi da kewaye, inda ɓarayin daji suke satar shanu da mutane. Bindigar da ba ta da takarda, ba ka san jinin da ta zubar ba. Ranar da jandarma suka same ta a ɗakinka, kai za ka amsa. Tun 1994 ƙasa take da hukumar tattara makaman da ba na doka ba. A Agadas, ran 25 ga Satumba 2000, an tara bindigogi fiye da 1,000 aka ƙone su a gaban jama'a don a rufe babin tawaye. In ka gaji wata tsohuwar bindiga marar takarda, ka sanar da maigari, ku miƙa ta ga hukuma.

IRIN BINDIGOGIN

Iri uku mafarauci yake gani.

Akwai bindigar toka, ta maƙeranmu, wadda ake ɗurawa ta baki. Akwai mai watsa ƙwaya, wadda aka fi sani da lamba 12. Cikin bututunta sumul ne. Tana kai mita 35 zuwa 40. Ita ce ta tsuntsu da zomo, kuma ba ta bukatar madubi.

Ta uku ita ce mai sakata. Cikin bututunta akwai zane a murɗe, wanda yake sa harsashi ya fita yana juyi kamar mazari. Shi ya sa yake tafiya nesa a miƙe. Ana ce mata mai sakata don a bayanta akwai ƙarfe mai hannu kamar sakatar ƙofa. Ka ɗaga hannun, ka ja baya, ɓawon harsashi ya faɗo. Ka tura gaba, sabo ya shiga. Ka kwantar da hannun, ta kulle. Harbi ɗaya, ja ɗaya. Wani Bajamushe, Paul Mauser, ya kammala irin wannan ƙira a 1898, har yau yawancin bindigogin farauta a kanta suke. Tsofaffin soji sun san MAS 36 ta Faransa. Ita ma mai sakata ce, amma ta yaƙi ce, ba ta cikin zancenmu.

Ga mai farawa, ƙarama ta fi. Mai lamba 22 ba ta da naushi a kafaɗa, harsashinta ya fi arha, ta isa zomo da zabo. Amma kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka. Harsashinta yana wuce kilomita ɗaya da rabi. Na manyan yana wuce kilomita 3. Wato ka harba a bayan wannan gari, ya sauka a wancan.

A jikin bututu an buga lambar harsashin da bindigar take ci. A gindin harsashi da kwalinsa ma an buga. Dole su zama ɗaya. In sun saɓa ko da kaɗan, kada ka sa. Haka kuma mai bindigar toka, kada ya fasa harsashin kanti ya zuba garinsa a cikinta. Wannan gari ya fi albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana tarwatsa bututu, ya tafi da yatsu da ido.

MADUBIN HANGE

Madubi yana jawo nesa kusa. A cikinsa akwai zare biyu da suka gitta juna. Inda suka haɗu nan ake son harsashi ya faɗa.

Za ka ga lamba a jikinsa. In an rubuta 4x32, yana ƙara girman abu sau 4, faɗin gilashin gaba kuma milimita 32 ne. In an rubuta 3-9x40, kana iya murɗa shi daga sau 3 zuwa sau 9. Mai farawa ya ɗauki mai sau 4. Ba ya da yawan ɓaci, kuma yana nuna fili mai faɗi. Duk yadda madubi ya ƙara girma, haka yake rage abin da kake gani a gefe. Riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Madubi ba ya mai da kowa gwani. Hannun da yake rawa, a madubi ma rawa zai yi.

YADDA AKE ƊORA SHI

Kafin komai, zare sakatar, ka leƙa, ka sa yatsa, ka tabbata ba harsashi. Ka kai kwalin harsashi wani ɗaki.

Madubi yana zama cikin zobba biyu, su kuma suna kama bayan bindiga. Ka sayi zobban da suka dace da kaurin madubin da kuma bindigar. Ka goge mai daga ƙusoshin murɗi da ramukansu. Ɗaura rabin zobba na ƙasa. Kwantar da madubin. Rufa rabin sama, amma kada ka matse tukuna.

Yanzu ɗauki bindigar ka kafa a kafaɗa, ido a rufe, kunci a kan katako yadda ya yi maka daɗi. Buɗe ido. In ka ga baƙin zobe ya kewaye hoton, matsa madubin gaba ko baya har hoton ya cika. Tsakanin idonka da gilashi ya zama kamar faɗin yatsa huɗu. In ya matso fiye da haka, babbar bindiga in ta yi naushi, bakin madubin zai tsaga maka gira.

Sai daidaita zaren. Ɗaura dutse a igiya, ka rataye a reshe. Igiyar za ta tsaya cak. Aza bindigar a miƙe a kan buhun yashi, ka juya madubin har zaren tsaye ya hau kan igiyar. In zaren bai fito sarai ba, dubi farin bango ta madubin, ka murɗa gilashin da yake wajen ido har ya fito baƙi ƙirin.

Sannan ka matse ƙusoshin. Kaɗan a dama, kaɗan a hagu, kana zagayawa kamar mai ɗaure tayar amalanke. Kada ka sa ƙarfin noma. Jikin madubi ba ya da kauri, yana loɓawa. A ƙarshe gwada sakatar, ka ga hannunta ba ya gugar madubin.

WURIN GWAJI

Adar ƙasar dutse ce. Harsashi in ya bugi dutse yakan yi tsalle ya kama wata hanya, wani lokaci ya dawo wa mai shi. Ruwa ma haka yake yi masa. Saboda haka ba a gwaji a kan fako, ko gindin tsauni, ko bakin tabki.

Nemi gaɓar ƙorama mai tsawo, ta yashi ko laka mai taushi, wadda ta fi mutum tsayi sosai. Ta zama nesa da gari, da burtali, da rijiya, da garaken albasa. Ka sanar da maigari da jandarma rana da wuri. Ka tafi da takardunka, da dattijon mafarauci ko tsohon soji wanda ya san aikin. Ka hau gaɓar da ƙafarka ka duba bayanta. Ka je da safe, kafin iska ta tashi, kafin zafi ya sa hoto ya riƙa rawa. Ka toshe kunne. Ƙarar bindiga tana cin ji kaɗan-kaɗan, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

YADDA AKE SAITI

Samo babban kwali, ka zana baƙin ɗigo a tsakiya. Auna mita 25 da igiyar awon gona. Kafa kwalin a jikin gaɓa.

Aza bindigar a kan buhun yashi biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Katako ne zai hau buhu, ban da bututu. Zare sakatar. Leƙa ta cikin bututu daga baya, ka gyara har ɗigon ya zo tsakiyar ramin. Kada ka motsa ta. Ɗaga kai ka dubi madubi. A jikinsa akwai mamurɗi biyu, na sama da na gefe. Murɗa su har mahaɗar zaren ta hau ɗigon. Wannan dabara tana tanada maka harsashi da yawa.

Mai da sakata. Sa harsashi ɗaya. Yi numfashi, saki rabi, riƙe. Matsa kunama sannu-sannu, kada ka fizga. Yi haka sau uku, kana auna ɗigon nan ɗaya. Sannan buɗe sakata, bar ta a buɗe, ka je ka duba.

Kada ka bi rami ɗaya. Dubi tsakiyar ramukan uku. In sun taru wuri ɗaya amma a gefe, madubi ne yake son gyara. In sun warwatse, hannunka ne, ko ƙusa ta yi sako-sako. Gyara wannan tukuna.

Mamurɗin yana yin ƙas-ƙas in ana juya shi. A jikinsa an rubuta abin da ƙas ɗaya yake yi. A waɗansu, santimita 1 ne a mita 100. A waɗanda aka rubuta 1/4, wajen milimita 7 ne. Harafin U yana nufin sama, R dama, L hagu. Wajen da kake son ramin ya koma, can za ka murɗa.

Ga lissafi, irin wanda kuka yi a aji. Madubinka mai santimita 1 ne a mita 100. A mita 50, ƙas ɗaya rabin santimita ke nan. Ramukanka sun faɗi santimita 4 hagu da ɗigo. Ƙas nawa za ka yi? Takwas, zuwa dama.

In ta zauna a mita 25, matsa kwalin. Mai lamba 22 a daidaita ta a mita 50. Babba a mita 100. Tsakanin harbi da harbi bar bututu ya huce. In ka gama, rubuta a littafinka: rana, nisa, da sunan harsashi. Ranar da ka sake irin harsashi, sai ka sake gwaji. Haka in bindigar ta faɗi, ko ta sha girgiza a kan babur a hanyar dutse.

Iyakar nisan da kake iya tara harsashi uku cikin faɗin tafin hannu, nan ne iyakar harbinka. Wuce nan, raunata dabba kawai za ka yi, ta je ta mutu a rami, kai ba nama, ita ba rai.

SAURAN KAYA

Kada ɗan kasuwa ya cika maka jaka. Abin da kake bukata kaɗan ne: maratayi na fata, wanda dukawanmu suke yi da kyau, kube na tufa mai kauri, marufin gilashi, sandar goge bututu da tsumma, ɗan man bindiga, abin toshe kunne, akwati mai kwaɗo, da wuƙa mai kaifi don yanka. Sanda biyu da ka ɗaure kansu da roba sun isa abin dogara bindiga a daji. Fitilar da ake ɗaurawa a bindiga kuwa, bar ta a kanti. Ka riga ka ji doka a kan farautar dare.

KULA DA ITA

Lokacin hunturu da buji, ƙura ce abokiyar gaba. Mai kaɗan za ka shafa, ka goge. Mai da yawa yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye ƙarfe. Da damina tsatsa ce, sai ka riƙa dubawa kowane mako. Bututu daga baya ake goge shi, ta wajen sakata. Gilashi kuma a hure ƙurar tukuna, sannan a shafa da tsumma mai laushi. Bakin rawani mai yashi yana ƙarce shi.

Kullum kafin ka fita, zare sakata ka leƙa bututu ta wajen haske. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki. Laka kaɗan a bututu ta isa ta fasa shi a hannunka.

A gida, wuri uku: bindiga a akwati, sakata a wani wuri, harsashi a wani. Kowanne da kwaɗo, mabuɗi a jikinka. Bindiga mai sakata in an zare sakatar, sanda ce kawai. Wannan ita ce babbar fa'idarta ga mai iyali. Kada ka rataye ta a bango. Kada ka sa ta ƙarƙashin katifa. Yaro ya san duk inda kake ɓoye abu. Kuma kada ka yi ta nuna ta a kasuwa ko a dandali, don ɓarawo ya fi son bindiga da saniya.

DOKOKI BIYAR NA RAI

1. Kowace bindiga, ɗauka a ɗure take, ko kai ka sauke ta da hannunka.
2. Bakinta kada ya dubi mutum, ko da wasa, ko da daƙiƙa ɗaya.
3. Yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ka yi niyyar harbi.
4. San abin da kake harbi, ka san abin da yake bayansa.
5. Sauke harsashi kafin ka shiga gari, ko ka hau babur, ko ka tsallake shinge.

Ta huɗu ita ce maganar da muka ce za mu dawo kanta. Madubi yana nuna maka zomo ƙato, amma yana ɓoye yaron da yake kiwon awaki taki goma a gefe. A Majiya layukan dogon yaro suna ɓoye mai ɗibar itace. A Tarka shingen garka yana ɓoye mai ban ruwa da ya sunkuya. Dubi wurin da ido biyu tukuna, sannan ka sa ido a madubi. Kada ka harbi motsin ciyawa. Kada ka harbi abin da yake kan tudu, sama ce a bayansa. Kada ka harbi tsuntsu a kan itace da mai sakata. Kuma kada ka ɗaga madubin bindiga don ka gane wane ne yake tahowa. Duk wanda ka duba ta ciki, ka auna shi da bindiga ke nan.

In an yi rikici a kan ɓarnar gona ko mashaya, bindiga ta kwana a akwatinta. Wannan shari'ar maigari ce da sarki da hukuma. Fushin awa ɗaya yana jawo kaso na shekaru da gabar da jikoki za su gada.

In ka sami nama, yanke inda harsashi ya bi ka yar, don darma guba ce, musamman ga yara da mata masu ciki. Ka bar mace mai ciki da mai ƴaƴa. Ka ɗauki na tukunyar yau, ka bar na baɗi.

In tsautsayi ya faru, danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada ka saki. Kada a tsaya neman ciro harsashi, kada a zuba toka ko garin magani. A nufi asibitin gunduma nan take, a sanar da jandarma.

Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. In akwai abin da ya shige maka duhu, je ofishin gandun daji na gundumarku, ko ka kawo tambayarka a taron masu sauraren rediyo na garinku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya ba mu rani lafiya da damina mai albarka. Amin.